Kafin A Ɗauki Talabijin Zuwa Kano

Daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, muna ganin gidaje da yawa suna aiki da rimot gama-gari, watau wanda ke sarrafa talabijin iri iri. Ran da ya ƙi, sai maigida ya zaci akwatin ne ya mutu, ya yi hasarar kuɗin mota zuwa Kano, alhali kuwa cutar ƙanƙanuwa ce.

Da fari mu duba batir. A sa sababbi tare, kada a gauraya da tsoho. In ya yi zuba ya ci ƙarfen, a kankare. Na biyu, rimot da wani haske yake aika saƙo, wanda ido ba ya gani, amma kyamarar yawancin wayoyi tana gani. A auna mata shi a danna. In ya ƙyafta, yana da rai, sai a goge ƙurar hunturu daga idonsa da na talabijin. Na uku, kowane irin talabijin da lambarsa, tana cikin takardar rimot ɗin. Canjin batir yakan shafe ta, sai a sake shigarwa.

Saboda haka, jama'a, lalle mu adana takardar nan. In dabarun uku sun gaza, sa'an nan a nemi mai gyara.