Snuka Ba Tare da Caca Ba: Wasan da Yaro Zai Buga Shi Kaɗai

Tun da rashin tsaro ya raba mu da garuruwanmu na Alibori da Atacora, da kuma na ƙasashen maƙwabta, samarinmu da yawa suna zaune babu gona, babu kiwo. A Zongon Parakou da na Djougou, wasunsu kan yini a bakin teburin snuka. Iyaye mata sun sha kawo mana koke cewa kuɗin cefane yana ƙarewa a can. Da muka bi diddigi, mun ga caca ce ke cinye kuɗin: wanda aka ci shi zai biya, ya ƙara da wani abu a kai, daga nan sai bashi da faɗa.

Hana saurayi wasa gaba ɗaya ba ya cika yin tasiri. Shi ya sa muka kawo muku wani salo da mutum ke bugawa shi kaɗai, yana gasa da makinsa na jiya. Sunansa Fargo. Wani Ba'amurke mai suna Mike Page ne ya tsara shi don masu son ƙwarewa.

Abin da ake buƙata

Tebur mai ƙwallaye 15 masu lamba, da farar ƙwallo, da sanda, da takarda da biro, sai tsabar dala biyar guda ɗaya. A fara daidaitawa da mai tebur kan kuɗin da za a biya kafin a ɗauki sanda.

Dokoki

Wasa ɗaya zagaye 10 ne. A kowane zagaye ana jera ƙwallaye 15 a watsa su da bugun farko. Duk wadda ta faɗa rami a wannan bugun, fito da ita ake yi a mayar kan ɗigon da ake jeri. Idan farar ce ta faɗa, babu tara. Bayan haka sai ka ɗauki farar da hannu ka ajiye ta inda ka ga dama, sau ɗaya tak a zagayen.

Zagaye yana da mataki biyu. A na farko, ka buga kowace ƙwallo kake so, amma ka ambaci ƙwallon da ramin kafin ka buga. Kowacce ta shiga, maki 1. A duk lokacin da ka so, sai ka juya tsabar da ka ajiye a gefen tebur, alamar ka shiga mataki na biyu. Daga nan dole farar ta fara taɓa ƙwallo mafi ƙanƙantar lamba da ta rage, kuma kowacce ta shiga, maki 2. Wanda ya juya tsaba ba ya komawa baya. Da zarar ka kuskure, ko farar ta faɗa rami, zagaye ya ƙare. Ka rubuta makinka, ka sake jeri.

Yadda ake lissafi

A ce ka saka ƙwallaye 10 a mataki na farko, ka juya tsaba, ka saka biyar ɗin da suka rage a jere. Maki 10 da 10, ka sami 20. Da ba ka juya ba sam, 15 za ka tashi da shi. Wanda kuma ya yi zalama ya juya tun daga farko, ya saka biyu ya kuskure, maki 4 kawai gare shi. Mafi yawan abin da zagaye ke bayarwa shi ne 30, wasa duka 300. Kada wannan adadi ya tsorata kowa. Sabon shiga ya tsaya a mataki na farko har sai ya ga yana iya saka shida ko bakwai ba kuskure, sannan ya fara gwada juyawa idan saura uku ko huɗu.

Dabarar bugun farko

Yawancin samari suna zuba duk ƙarfinsu a bugun farko don ƙwallo ta shiga. A wannan wasa hakan ba ya ƙara maki, tunda mayar da ita za a yi, ta ma je ta tsaya a tsakiyar cunkoso. Abin nema shi ne ƙwallaye su bazu, kowacce ta sami hanyar rami. Don haka a matse jerin sosai, kada a bar tsaga a tsakani. A goga alli a bakin sanda, a nufi tsakiyar farar, ita kuma ta daki ƙwallon gaba sosai a goshi. Ƙarfi matsakaici da saiti mai kyau ya fi ƙarfin da ke fitar da farar daga tebur.

Bayan sun bazu, kada ka yi gaggawa. Zagaya teburin ka duba waɗanda suka manne da juna ko suka jingina da gefe. Damar ajiye farar da hannu, a kan mai wuya ake kashe ta, domin masu sauƙi ba za su gudu ba. Ka kawar da masu tare hanya tun da wuri, ka bar waɗanda lambobinsu ke kusa da juna a kan tebur don mataki na biyu.

Ga iyaye

Abokai biyu ko uku za su iya raba kuɗin tebur, kowa da takardarsa, babu wanda ya ci kuɗin wani. Ku riƙa neman ganin takardar, ku yaba idan maki ya ƙaru. A yi wasa da rana, ban da lokacin makaranta da na salla, kuma a guji wuraren da ake sayar da giya. Idan wani baƙo yana yawan biya wa ɗanku kuɗin wasa, yana yi masa alkawarin aiki a wani wuri, ku zo ofishin kariya ku sanar da mu. Za mu saurare ku da Hausa, kuma maganarku sirri ce. Allah ya shirya mana zuri'a.