Gona Biyu, Ruwa Ɗaya

A gonakin da ke kewaye da Beli, cikin ƙaramar hukumar Rogo, akwai abin da kan ɗaure wa mutum kai idan ruwan Agusta ya kankama. Gona biyu, iyaka ɗaya, gangare ɗaya, duka masara. Hadari ya haɗo ya zuba musu ruwa tare. Da gari ya waye sai ka tarar ruwa ya ɓalle kunyoyin ɗaya, ya kwashe ƙasa ya jibge a hanya, saiwar masara duk a waje. Ɗayar kuwa ta shanye nata, ko gezau. Me ya raba su?

Huɗa ake fara zargi, kuma da dalili, don wanda ya ja kunya ta bi gangare shi ya yi wa ruwa hanya da hannunsa. To amma duka biyun a gicciye aka huɗe su. Sai a ce ko mai gonar da ta yanke bai ba ta taki ba. Ina! Shi ne ma ya fi zuba NPK da yuriya, masararsa ta fi duhun ganye.

Dole a durƙusa a dubi ƙasar kanta. Kwana biyu bayan ruwa, kwarin kunyar gonar da ta yanke ya yi sumul, ya yi ɓawo kamar daɓe, sai ka sa farce ka ɓamɓare shi. Ka ɗan tona, za ka ga danshin bai yi nisa ba. Ashe ruwan wucewa ya yi, bai shiga ba. Ɗauki busasshen hoge daga kowace gona, ka sa a kofin gilashi mai ruwa. Na farko zai narke nan take, ruwan ya gurɓace. Na biyu zai tsaya yana fitar da 'yan kumfa, ruwan garau. Haka ɗigon ruwan sama ke yi wa ƙasa mai rauni: ya farfasa ta, garin ya toshe ƙofofin da ruwa ke bi, sauran ya malala ya tafi da ita.

Saura tambaya ɗaya: me ke riƙe hogen na biyu? Murtsuke shi a tafin hannu. Ya fi duhu, akwai ruɓaɓɓen karmami da siraran saiwoyi, ga hudojin gara da na tana. Amsar ba a damina take ba, tun rani aka gama magana. Mai wannan gona ya bar wani kason kara a kwance, ya bar shanun makiyaya sun kwana a ciki, ya yi ta jigilar takin gida da toka a amalanke kafin ruwan shuka. Maƙwabcinsa ya kwashe kara kakaf, na danga da na girki da na sayarwa, ya tara ragowar ya cinna wuta. Takin zamani shuka yake ciyarwa, ba ya ɗinke ƙasa. Ruɓaɓɓen abu ne ke ɗinke ta.

Iliminmu ne tun kaka da kakanni. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya rubuta yadda a da jakuna ke kai itace birnin Kano su komo da mangalar taki, abin da ya riƙe gonakin da ake nomawa kowace shekara ba hutu. A jihar Tawa ta Nijar kuma, tun ƙarshen shekarun 1980, manoma ke farfaɗo da faƙo ta hanyar tassa: ƙaramin rami, a zuba taki cikin hannu, gara ta zo ci ta huda ƙasa, ruwa ya sami mashiga.

Abin da ke damuna shi ne takin ba ya isa. Kara ya zama kuɗi, saukar makiyaya a gona ta ragu saboda rashin yarda da juna. Ga shi kuma ƙasar da ake asara daga gonakin da ke saman madatsar Challawa ta Karaye, wadda aka kammala a 1992, can take taruwa tana cike ta. Wanda takinsa kaɗan ne, kada ya watsa shi ko'ina. Ya fara da saman gangare, inda ruwan ke ɗaukar gudu, ya shimfiɗa kara a gicciye, ya dasa gamba ko jema a kan iyaka, baɗi ya sauko da takin zuwa kunyoyi na gaba.