Yadda Tsoro Ya Kwashe Harsasai Daga Kantunan Amurka

A cikin shekarar 2020 da farkon 2021, wani abin mamaki ya faru a Amurka, ƙasar da ta fi kowace ƙasa a duniya yawan bindigogi a hannun farar hula. Mutum zai shiga shagon sayar da makamai da kuɗinsa a aljihu, ya tarar da kantoci wayam, babu harsashi. Inda aka yi sa'a kaya suka iso, sai a ga layi tun da sassafe, mai shago kuma ya kafa doka cewa ba za a sayar wa mutum ɗaya fiye da kwali ɗaya ko biyu ba. Harsashin ƙaramar bindiga mai milimita 9, wanda shi ne aka fi amfani da shi, kafin wannan lokaci ana sayen ƙwara ɗaya a kan kusan santi 20, amma sai da kuɗinsa ya ninka sau uku, a wasu wuraren ma fiye da haka. Ga shi kuwa babu wata ƙasa da ta kawo wa Amurka yaƙi, manyan masana'antun harsashi kuma suna aiki dare da rana.

Na daɗe ina bibiyar wannan lamari, kuma abin da na fahimta shi ne tsoro ne ya haifar da ƙarancin, ƙarancin kuma ya koma yana ƙara rura wutar tsoron. A ganina, farashin harsashi a Amurka ya zama wani ma'auni da ke nuna yadda ɗan ƙasa ya yarda da gwamnatinsa da kuma maƙwabcinsa. Duk lokacin da wannan yarda ta yi ƙasa, farashin sai ya yi sama.

Domin mai karatu ya gane tushen maganar, ya kamata a tuna cewa gyara na biyu da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a 1791 ya ba jama'a 'yancin mallakar makami, kuma a 2008 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukuncin cewa wannan 'yanci na kowane mutum ne a ƙashin kansa, domin kare kai a cikin gidansa. Cibiyar Small Arms Survey da ke Janeba ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi miliyan 393 a hannun farar hula a Amurka, wato kusan bindiga 120 ga kowane mutum 100. To, bindiga takan yi shekaru hamsin tana aiki, har ɗa ya gaji ta ubansa. Harsashi kuwa da zarar an harba shi ya tafi ke nan, bindigar da ba ta da shi kuma sanda ma ta fi ta amfani. Shi ya sa idan hankalin masu bindiga ya tashi, wajen harsashi suke fara gudu.

Ba a 2020 aka fara ganin haka ba. Da aka zaɓi Barack Obama a watan Nuwamban 2008, jita-jita ta bazu cewa sabuwar gwamnati za ta tsaurara dokokin makamai, ko ta lafta wa harsashi haraji mai nauyi. Mutane suka yi ta saye suna jibgewa, har kantuna suka yi ƙaraf a cikin 2009. Karo na biyu ya zo ne bayan kisan gillar da aka yi a makarantar firamare ta Sandy Hook a Jihar Connecticut ranar 14 ga Disamba, 2012, inda wani matashi ya harbe yara 20 da manya 6. Da gwamnati ta fara maganar sabbin dokoki, sai rububin ya dawo da ƙarfin da ya fi na baya. Hatta ɗan ƙaramin harsashin nan mai lamba .22, da ake koya wa yara harbi da shi kuma ake farautar zomo, sai da ya yi shekaru yana wuyar samu. Abin lura shi ne dokar da ake gudu ba ta zo ba. A watan Afrilun 2013 ƙudurin faɗaɗa binciken masu sayen bindiga ya samu ƙuri'a 54 a Majalisar Dattawa, alhali yana buƙatar 60, sai ya faɗi.

A wancan lokaci an kuma yaɗa cewa Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ce take kwashe harsasai fiye da biliyan ɗaya da gangan, domin ta hana jama'a samu ko kuma ta shirya murƙushe su. Ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin ƙasar ya duba maganar, ya fitar da rahoto a farkon 2014 cewa sayayyar ma'aikatar ma raguwa ta yi tun daga 2009. Amma kafin rahoton ya fito, jita-jitar ta riga ta gama aikinta a kasuwa.

Da Donald Trump ya ci zaɓe a 2016, hankalin masu bindiga ya kwanta, kasuwa kuma ta faɗi warwas. Kamfanonin da suka cika rumbunansu da kaya bisa zaton Hillary Clinton ce za ta ci, suka rasa mai saye. Remington, kamfanin da aka kafa tun 1816, ya karye a 2018, ya sake karyewa a watan Yulin 2020. Wannan ne halin da masana'antun suke ciki lokacin da guguwa mafi girma ta taso.

A watan Maris na 2020 annobar korona ta sa aka kafa dokar kulle, mutane suka ga abinci da takardar bayan gida suna ɓacewa daga kantuna, sai wasu suka fara tunanin ranar da mai yunwa zai ƙwanƙwasa musu ƙofa. Ranar 25 ga Mayu wani ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd da gwiwa har ya mutu a birnin Minneapolis. Zanga-zanga ta mamaye ƙasar. Galibinta ta lumana ce, amma a wasu biranen an ƙona shaguna an wawashe kaya, a Minneapolis ma har da ofishin 'yan sanda aka banka wa wuta. Ana cikin haka wasu suka fara kiran a rage kuɗin da ake kashe wa 'yan sanda. Sai ga zaɓen Nuwamba da ya raba kan ƙasar, sannan ga kutsen da magoya bayan Trump suka yi cikin ginin majalisar dokoki ranar 6 ga Janairu, 2021. Kowane ɓangare ya samu abin da zai ji tsoro: wannan yana tsoron masu zanga-zanga, wancan yana tsoron ƙungiyoyin masu fifita farar fata.

Alƙaluma sun nuna girman abin. Hukumar FBI ta gudanar da binciken tarihin masu neman makami har sau miliyan 39.7 a 2020, alhali a 2019 miliyan 28.4 ne. Ba kowane bincike ne ke nufin an sayi bindiga ba, amma tazarar ta isa shaida. Ƙungiyar masu sana'ar makamai ta ƙasar ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 8.4 ne suka sayi bindiga a karon farko a rayuwarsu cikin wannan shekara. Wani bincike da malaman jami'o'in Harvard da Northeastern suka wallafa a ƙarshen 2021 ya gano cewa kusan rabin sabbin masu bindiga mata ne, kashi ɗaya cikin biyar kuma baƙar fata ne.

A watan Disamban 2020, Jason Vanderbrink, shugaban sashen harsashi na kamfanin Vista Outdoor, ya gaji da zargin da ake musu cewa suna ɓoye kaya, ya fito a faifan bidiyo ya yi wa jama'a lissafi mai sauƙi: idan sabbin masu bindiga miliyan 7 kowa ya sayi kwali biyu kacal, an tashi da harsashi miliyan 700 da babu wanda ya yi tanadinsu. Ga kuma tsofaffin masu bindiga, waɗanda da kwali biyu suke saye, yanzu kuwa duk abin da suka gani sai su kwashe. Duk wanda ya taɓa kwana a layin man fetur a Kano ko Kaduna ya san wannan halin. Da an ce mai zai yi wuya, mai rabin tanki zai garzaya ya cika, ya kuma zo da jarka, sai man da zai ishi gari mako guda ya ƙare a yini ɗaya. 'Yan bumburutu ma ba a rasa irinsu a can ba: akwai masu kama layi da asuba su saye abin da aka sauke, su koma intanet su sayar da shi ninki biyu.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya hana masana'antu su ƙara yawan abin da suke ƙerawa? Harsashi abu huɗu ne aka haɗa: kwanso na tagulla, da albarushi, da ƙwayar dalma da ke fita, sai ɗan ƙyastun da ke gindin kwanso, wanda idan aka buge shi yake tayar da albarushin. Wannan ƙyastu shi ne mafi wuyar yi, domin sinadarinsa yana fashewa da ɗan ƙaramin kuskure, kuma a lokacin manyan masu yin sa a Amurka huɗu ne kacal: Federal da CCI da Remington da Winchester. Bayan Vista Outdoor ya saye masana'antar harsashin Remington da ke Jihar Arkansas a kan dala miliyan 81.4 a 2020, uku daga cikin huɗun suka koma hannun kamfani ɗaya. Gina sabuwar masana'anta yana cin shekaru da maƙudan kuɗi, kamfanonin kuma ba su manta da asarar da suka tafka bayan 2016 ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Saboda haka suka gwammace su ƙara wa ma'aikata sa'o'in aiki, odar da ke jiran Vista kuwa ta haura ta dala biliyan ɗaya a ƙarshen 2020. A watan Agustan 2021 gwamnatin Joe Biden ta dakatar da ba da sabon izinin shigo da harsashi daga Rasha, a cikin takunkumin da ta sa kan gubar da aka ba Alexei Navalny, sai wata babbar hanyar samun harsashi mai rahusa ta fara toshewa.

Waɗanda suka ji jiki su ne maharban karkara da suka rasa harsashin farautar barewa a lokacin da doka ta buɗe daji, da wasu rundunonin 'yan sanda da suka rage atisayen harbi saboda jinkirin kaya. Sai kuma su kansu sabbin masu bindiga, waɗanda tsada ta hana su koyon sarrafa abin da suka ajiye a gida tare da 'ya'yansu. Kamfanoni kuwa sun ci kasuwa, kuma a ƙarshen 2024 wani kamfanin Jamhuriyar Cek mai suna CSG ya saye sashen harsashin Vista a kan sama da dala biliyan 2.

Ban ga laifin wanda ya ji tsoro a 2020 ba. Mai shagon da ya ga an ƙona na maƙwabcinsa, ya buga wa 'yan sanda waya ba su zo ba, yana da hujjar da zai kafa. Abin tambaya shi ne ko tarin harsashin ya sayo musu kwanciyar hankalin da suke nema. Yaƙin basasar da ake hasashe bai auku ba. Abin da ya auku shi ne mutum 45,222 suka mutu ta hanyar bindiga a 2020, adadin kuma ya kai 48,830 a 2021, kamar yadda hukumar kula da cututtuka ta ƙasar ta bayyana. Fiye da rabin waɗannan mutane su ne suka harbe kansu. Wato makamin da aka tanada domin baƙon da zai haura katanga, sau da yawa a kan mai gidan yake ƙarewa. A garin Kenosha kuma, a watan Agustan 2020, wani yaro ɗan shekara 17 mai suna Kyle Rittenhouse ya fita da bindiga da sunan gadin dukiyar mutane, ya harbi mutum uku, biyu suka mutu. Kotu ta wanke shi a 2021 bisa hujjar kare kai, amma waɗanda suka mutu ba su dawo ba.

Wannan labari yana da alaƙa da muhawarar da muke yi a nan gida. A watan Maris na 2018 Janar T.Y. Ɗanjuma ya yi kira a Jalingo cewa jama'a su tashi su kare kansu, a watan Yunin 2022 kuma gwamnatin Zamfara ta umarci mutanenta su nemi izinin mallakar bindiga saboda ɓarnar 'yan bindiga. Na san halin da manomin Zamfara yake ciki ya fi na ɗan Amurka muni nesa ba kusa ba, domin shi ba hasashe yake yi ba, an riga an kashe masa 'yan'uwa an kore masa shanu. Duk da haka, abin da ya faru a Amurka ya nuna mana cewa idan tsaro ya koma hajar kasuwa, mai kuɗi ne zai samu, kuma a ranar da aka fi buƙatarsa ne zai fi tsada. Ƙasar da ke da manyan masana'antu ta kasa wadatar da masu saye, ina ga talakan da zai dogara da 'yan fasa-ƙwauri, waɗanda su ne dai suke sayar wa maharansa?

Daga 2022 kaya suka fara komawa kantunan Amurka, farashi ya sauko, layi ya watse. Harsasan da aka jibge kuwa suna nan a gidaje cikin akwatunan ƙarfe, domin harsashi yakan yi shekaru da dama bai lalace ba idan danshi bai taɓa shi ba. Sau uku cikin shekaru goma sha biyu aka yi wannan rububi, kuma kowane karo ya biyo bayan wani abu da ya girgiza yardar jama'a ga hukuma ko ga junansu. Maganin da na gani shi ne hukumar da idan an kira ta za ta zo, da kotun da mai ƙaramin ƙarfi zai shiga ya fito da haƙƙinsa. Matuƙar ɗan ƙasa bai ga waɗannan ba, a Minneapolis yake ko a Gusau, zai ci gaba da neman abin da zai ajiye a ƙarƙashin gado, mai sayar da shi kuma zai ci gaba da yanka masa farashin da ya ga dama.