Hattara da Tayin Aikin Tura Kuɗi Daga Gida

Da yawa daga cikin waɗanda gidauniya ke bai wa jari, iyayen marayu da matasa da ɗalibai, sai sun buɗe asusun banki kafin su karɓi kasonsu. Asusun sabo ne, sunansa ba shi da tabo, mai shi kuma yana cikin buƙata. Irinsa 'yan damfara ke farauta, shi ya sa muka ware wa batun gurbi a rahoton bana.

Tayin yakan zo ta WhatsApp ko Facebook ko Telegram: wai wani kamfani na neman wakilin karɓar kuɗi, aiki daga gida, ba ganawa, ba takardar shaida. Za a riƙa turo kuɗi asusun mutum, ya ɗebi ladansa, ya tura saura wani asusun, ko ya cire a wurin mai POS ya miƙa. Galibi kuɗin na sata ne ko na yaudara, ana bi da su ta hannuwa da yawa domin sawu ya ɓace. Da wanda aka zalunta ya kai ƙara, bincike zai tsaya kan wanda ya karɓa, domin lambar BVN da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a 2014 ta ɗaure asusu da mai shi. Banki na iya rufe asusun, hukumar EFCC na iya tuhumarsa a ƙarƙashin dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022. Mai ba da aikin kuwa tuni ya kashe layinsa.

Alamomin a fili suke: lada mai tsoka kan aikin da ba gumi, matsin lamba a tura kuɗi nan take, gargaɗin kada a gaya wa kowa, da neman katin ATM ko lambar sirri. Kamfani na gaskiya yana da asusunsa, ba ya aron na ma'aikaci.

Ta fuskar shari'a, wakilci yana inganta ne a kan abin da ya halatta, kuma aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan zunubi da zalunci. Wanda ya ga alamu ya kau da kai, bai kuɓuta daga haƙƙin mai dukiya ba.

Muna roƙon kwamitocin masallatai su sanar da jama'a bayan salla, su kuma tsare asusun masallaci. Idan baƙo ya turo gudummawa, sannan ya ce ya yi kuskure a mayar da wani kaso zuwa wani asusu dabam, kada a taɓa kuɗin, a sanar da banki a rubuce. Wanda ya riga ya faɗa kuma, ya daina turawa, ya adana saƙonnin, ya je bankinsa a ranar. Allah Ya tsare mana halalinmu.