Tsofaffin Ƙarafa a Bakin Iyaka: Dokokin Kwastan da Lafiyar Jama'a

Gabatarwa

Da wuya a sami unguwa a Kano ko Zariya ko Maraɗi da 'yan jari bola ba sa ratsawa da kurarsu, suna sayen tsofaffin tukwane da ruɓaɓɓen kwano da matattun batura. Abin da suka tara yakan wuce hannun dillalai, daga nan sai masana'antar narka ƙarfe, inda zai koma rodi ko kwano ko tukunya. Wannan ciniki bai tsaya a cikin gari ɗaya ko ƙasa ɗaya ba. Kowace shekara ana ɗora miliyoyin tan na tsofaffin ƙarafa a jiragen ruwa daga wata ƙasa zuwa wata, kuma ƙasar Turkiyya ce ke kan gaba wajen sayo su daga waje.

Dalilin wannan ciniki a fili yake. Ƙarfe ba ya rasa ingancinsa don an narka shi an sake ƙera shi. Haka kuma sake narka alminiyam, wanda maƙeran tukwane suka fi sani da goran ruwa, yana cin kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na makamashin da ake bukata wajen samar da sabo daga ma'adininsa. To, in haka ne, me ya sa gwamnatoci ke kafa dokoki masu tsanani kan shigo da shi? Amsar tana cikin abubuwan da ke biyo ƙarfen, da kuma irin aikin da suke yi a jikin ɗan Adam.

Yadda Kwastan Ke Rarraba Ƙarafa

Aikin farko na jami'in kwastan shi ne ya san abin da ke gabansa. Saboda haka ne tun 1988 ake amfani da wani tsarin lambobi na bai ɗaya, wanda Hukumar Kwastan ta Duniya mai hedikwata a birnin Burasal na ƙasar Beljiyam ke kula da shi. A ƙarƙashin wannan tsari kowane irin kaya yana da lambarsa. Tarkacen baƙin ƙarfe yana lamba 7204, na jan ƙarfe 7404, na alminiyam 7602, na dalma kuma 7802. Da wannan lamba ake sanin kuɗin fiton da za a biya, da kuma ko kayan yana bukatar izini na musamman, ko ma an haramta shi baki ɗaya.

A Nijeriya, mai shigo da kaya yakan fara da cike takardar Form M ta hannun bankinsa, sannan hukumar kwastan ta ba shi takardar ƙiyasin kuɗin fito kafin a saki kayan. Idan kayan ya shafi shara ko tsofaffin na'urorin lantarki, to da hannun hukumar NESREA a ciki, wadda aka kafa a 2007 domin tabbatar da bin dokokin muhalli. Wani abin lura shi ne, Nijeriya ta sa tsofaffin ƙarafa a cikin jerin kayan da aka hana fitarwa waje, domin masana'antun cikin gida su sami abin narkawa, kuma a rage wa ɓarayin wayoyin lantarki da ƙarafan layin dogo kasuwa.

Matsalar ita ce, takarda ba ta ganin cikin kwantena. Mai kaya zai iya rubuta lamba 7204, alhali a ƙarƙashin ƙarafan akwai gangunan guba.

Darasin Garin Koko

Koko wani ƙaramin gari ne mai tashar jiragen ruwa a tsohuwar Jihar Bendel, yanzu Jihar Delta. Tsakanin 1987 da 1988 aka sauke kusan tan 3,800 na sharar masana'antu daga ƙasar Italiya a wannan tasha, aka jibge gangunan a filin wani mutumin garin, ana biyansa dala 100 a wata. Ɗaliban Nijeriya da ke karatu a Italiya ne suka ankarar da jaridun gida, asiri ya tonu a watan Yuni na 1988. Gangunan sun riga sun fara yoyo cikin zafin rana da ruwan sama, kuma wasu daga cikin ma'aikatan da aka sa kwashe su sun ƙone, wasu sun kwanta asibiti. Gwamnati ta janye jakadanta daga birnin Rum, daga bisani aka mayar da sharar inda ta fito.

A wannan shekarar aka kafa Doka ta 42, wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga duk wanda ya shigo da shara mai guba ko ya zubar da ita a ƙasar nan. Aka kuma kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, wato FEPA, da Doka ta 58.

Abin da ya faru a Koko yana cikin dalilan da suka gaggauta ƙulla Yarjejeniyar Basel a ƙasar Suwizalan a 1989, wadda ta fara aiki a 1992. Ginshiƙinta guda ne: ba a tura shara mai haɗari zuwa wata ƙasa sai an sanar da hukumominta a rubuce, sun kuma amince a rubuce. Idan aka tura ba bisa ƙa'ida ba, wajibi ne ƙasar da ta fito ta karɓi abarta. Yarjejeniyar ta bambanta tsabtataccen ƙarfe, wanda ba ta ɗauke shi a matsayin shara mai haɗari ba, da irin su tsofaffin baturan mota, waɗanda ta sa a jerin kayan haɗari. Ƙasashen Afirka sun ga wannan bai wadatar ba, sai suka ƙulla tasu a Bamako a 1991, wadda ta haramta shigo da shara mai haɗari nahiyar daga waje, har da sharar nukiliya. Daga 1 ga Janairu 2025 kuma, duk wata sharar kayan lantarki ta shiga ƙarƙashin dokar neman izini ta Basel.

Dalma da Jikin Yaro

Daga cikin gubar da ke tafe da tsofaffin ƙarafa, dalma ce ta fi yawa, domin fiye da rabin nauyin batirin mota dalma ce. Jiki ba ya bukatar dalma ko kaɗan, amma yana ruɗuwa da ita, saboda tana kama da sinadarin kalshiyam da ake gina ƙashi da haƙori da shi. Idan ta shiga ta baki ko ta hanci, sai jini ya ɗauke ta ya kai ta ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda, sauran kuma ya taru a ƙashi, inda zai iya zama shekaru masu yawa. Lokacin da mace ta sami juna biyu, jikinta yakan ɗebo kalshiyam daga ƙashinta domin gina na ɗan tayi, sai dalmar ta biyo, ta ratsa mahaifa.

Ɓarnarta iri biyu ce. Ta farko, tana hana aikin wasu sinadaran da ke haɗa jan launin jini, wanda ke ɗaukar iskar shaƙa zuwa sassan jiki, sai a sami ƙarancin jini. Ta biyu, tana dagula saƙonnin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna. A jikin yaro, wanda ƙwaƙwalwarsa ke kan ginuwa, wannan yakan jawo raunin fahimta da ba ya gyaruwa. Idan ta yi yawa, sai jijjiga da suma da mutuwa. Hanjin ƙaramin yaro yana tsotsar dalma ninki 4 zuwa 5 na abin da hanjin babba ke tsotsa, ga shi kuma yara ne ke wasa da ƙasa suna kai hannu baki.

Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 suka rasu a wata unguwa da ke bayan birnin Dakar na ƙasar Senegal, inda mutane ke fasa batura suna tankaɗe ƙasar wurin domin tsintar dalma. Mu ma mun ga aikin wannan guba a Jihar Zamfara a 2010, inda yara kusan 400 suka rasu, ko da yake a can dalmar ta fito ne daga duwatsun zinariya da ake daka wa a cikin gidaje. Guba ɗaya ce, hanyar shigarta ce ta bambanta.

Gubar da Ido Ba Ya Gani

Haɗari na biyu shi ne tururin nukiliya. Asibitoci da masana'antu suna amfani da wasu sinadarai masu fitar da wannan tururi, kamar kobal-60 da siziyam-137, wajen ƙona ciwon daji da auna kaurin ƙarfe da duba walda. Ana rufe su ne a cikin kwanso mai kauri na dalma ko baƙin ƙarfe. Idan na'urar ta tsufa aka yasar da ita, wannan kwanso mai nauyi shi ne ke jan hankalin mai neman ƙarfe.

Tururin ba shi da wari, ba a kuma jin sa a lokacin da yake ratsa jiki. Aikinsa shi ne karya zaren gado da ke cikin ƙwayoyin halitta. Ƙwayoyin da ke saurin rabuwa su ne ke fara mutuwa, wato na ɓargo da na bangon hanji da na tushen gashi. Shi ya sa wanda ya kamu yakan fara da amai da gudawa, gashi ya zube, sannan jini ya kasa daskarewa, jiki ya kasa yaƙar cututtuka. Wanda ya sami kaɗan kuwa, mai yiwuwa ne ciwon daji ya bayyana masa bayan shekaru. Narka ƙarfen ba ya kashe wannan tururi, lokaci ne kaɗai ke rage shi. Kobal-60 yana rasa rabin ƙarfinsa a shekara 5 da 'yan watanni, siziyam-137 kuwa sai ya shekara 30.

A watan Satumba na 1987, a birnin Goyaniya na ƙasar Barazil, wasu mutum biyu suka ɗauko irin wannan na'ura daga wani asibitin da aka yi watsi da shi, suka sayar wa mai tara ƙarafa. Da aka fasa ta sai aka ga gari mai shuɗin haske cikin duhu, aka riƙa rabawa 'yan'uwa da maƙwabta. Mutum 4 suka rasu, ciki har da yarinya 'yar shekara 6. An gwada mutum kusan 112,000, aka sami gubar a jikin 249 ko a tufafinsu, aka kuma rushe gidaje da dama.

Wanda ya fi shafar batun iyaka shi ne na birnin Huwares a ƙasar Meziko. A ƙarshen 1983 aka sayar da na'urar kobal-60 a matsayin tsohon ƙarfe, aka narka ta tare da sauran ƙarafa, aka yi dubban tan na rodi da ƙafafun tebur. Wani ɓangare ya tsallaka zuwa Amurka ba tare da kowa ya sani ba. A Janairu 1984 wata babbar mota ɗauke da rodin ta yi ɓatan hanya, ta bi ta ƙofar cibiyar binciken nukiliya ta Los Alamos, na'urar ƙofar ta yi ƙara. Da direban bai ɓace ba, da wataƙila an daɗe ba a gane ba.

Irin waɗannan abubuwa ne suka sa manyan tashoshin ruwa da masana'antun narka ƙarfe suka kafa na'urorin gano tururi a ƙofofinsu, kowace mota sai ta ratsa tsakaninsu. A Nijeriya, hukumar kula da harkokin nukiliya, wadda ta fara aiki a 2001, ita ke ba da lasisin shigo da waɗannan sinadarai da ajiye su.

Matakan Wasu Ƙasashe

Ƙasar Indiya, wadda ke sayo tsofaffin ƙarafa da yawa, ta ga wani haɗarin dabam. A 2004 harsasan yaƙi da suka shigo cikin tarkacen ƙarfe suka fashe a wata masana'anta kusa da birnin Delhi, ma'aikata 10 suka rasu. Dokar ƙasar tana neman takardar shaidar bincike tun daga tashar da aka ɗora kayan, mai tabbatar da cewa babu makamai ko abin fashewa ko tururin nukiliya a ciki.

Ƙasar Sin ta ɗauki matakin da ya fi wannan tsanani. A 2017 ta sanar da cewa za ta rufe ƙofa ga sharar ƙasashen waje, daga Janairu 2021 kuma ta haramta shigo da shara kowace iri. Ƙarfen da aka tace aka tsabtace har ya kai mizanin da ta gindaya ne kaɗai ke shiga, shi ma da sunan kayan sarrafawa. Wannan ya sa masu shara suka juya neman wasu ƙasashen da dokarsu ke da sassauci. Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kammalawa

Dokar kwastan kan tsofaffin ƙarafa ta ƙunshi abu uku: sanin kayan da lambarsa, neman izinin ƙasar da za a kai shi, da bincikensa da ido da na'ura. Idan ɗaya ya yi rauni, mai biyan kuɗin shi ne lebura mai sauke kaya, da yaron da ke wasa kusa da bola, da iyalin da ke cin abinci daga tukunyar da aka zuba da ƙarfe mai gaurayen dalma.

Akwai abin da ɗalibai da malamansu za su iya yi tun daga gida. Kada a fasa batirin mota ko a narka dalma a cikin gida ko kusa da rijiya. Kada a ƙona wayar lantarki domin cire jan ƙarfe, saboda hayaƙin robarta guba ne. Mai aikin ƙarafa ya wanke hannu kafin cin abinci, ya kuma sauya tufafi kafin ya ɗauki yaro. Wanda ya tsinci wani kwanson ƙarfe mai nauyi fiye da girmansa, musamman in yana ɗauke da alamar fuka-fukai uku kamar na fanka a kan launin rawaya, kada ya taɓa shi, kada ya fasa shi. Ya nisance shi, ya hana yara zuwa wurin, ya sanar da hukuma mafi kusa. Malaman kimiyya kuma su zana wannan alama a allo, domin kowane ɗalibi ya san ta kafin ya bar makaranta.