DAGA NAMTARI ZUWA MARAƊI: YADDA ƊALIBI ZAI TATTALA GUZURINSA A ƘASAR WAJE

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Ni dai na daɗe da haddace wannan karin magana a aji, amma ban san nauyinta ba sai a ƙarshen shekarar 2024, lokacin da na tashi daga garinmu Namtari, kusa da Yola, zuwa Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar domin tattara bayanai a kan karin harshen Katsinanci na ƙetaren iyaka. Da Fulatanci na buɗe baki, Hausa kuwa a kasuwar Jimeta da makaranta na same ta, don haka na ga ya dace in je in ji ta a bakin masu ita. Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan abin da na koya game da kuɗin tafiya, ko ya amfani 'yan uwana ɗalibai masu niyyar fita bincike.

Sefa iri biyu ce

Mu mutanen Adamawa, in aka ce ƙasar waje, Garwa ce ke fara zuwa mana a rai, domin Kamaru maƙwabciyarmu ce ta jini. Wani kawuna da ke fatauci can, da ya ji zan yi tafiya, sai ya kira ni ya ƙirgo mini takardun sefa da suka rage masa, ya ce, “Ungo, ɗana, ka ƙara a guzuri. Ai kuɗinsu ɗaya ne.” Na durƙusa na yi godiya, na sa su cikin lissafina a matsayin kuɗin abincin kwana uku.

Ashe ba ɗaya ba ne. Sefar Kamaru ta Babban Bankin Ƙasashen Tsakiyar Afirka ce, mai hedikwata a Yawunde, kuma ƙasashe shida ke amfani da ita, ciki har da Cadi da Gabon. Ta Nijar kuwa ta Babban Bankin Ƙasashen Yammacin Afirka ce da ke Dakar, ta ƙasashe takwas, irin su Benin da Togo da Mali da Senegal. Darajarsu a takarda daidai take, domin tun 1999 kowaccensu a ɗaure take da kuɗin Turai, yuro ɗaya a kan sefa 655.957. Amma takardun sun bambanta, kuma mai tuwo a Maraɗi ba ta karɓar ta Garwa. Ɗan canji zai karɓa, sai dai zai yanki rabonsa mai kauri, tun da shi ma sai ya nemi inda zai kai ta. Haka kuɗin abincin kwana uku suka fita daga lissafina tun ban ci lomar farko ba.

Wannan ɗauri da yuro yana da wata ma'ana ga mai tara kuɗi da naira. A farkon shekarun 2010 sefa dubu ba ta kai naira 400 ba. Bayan da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, sai ga shi a 2024 sefa dubun nan ta haura naira 2,000. Ni da adashi na tara kuɗina tare da abokan karatu, wata biyar muna zubi, kuma duk wannan lokaci naira nake ƙirgawa ina murna. Da na san haka, da tun farko na rubuta kasafina da sefa, ina tambayar farashin canji lokaci-lokaci, in ya so duk abin da ya taru in canza wani kaso in ajiye. Wanda zai ci abinci da sefa, da sefa ya kamata ya yi mafarki.

Dala da jika

Nan ne abin ya fi shafarmu a matsayinmu na ɗaliban harshe, kuma nan ne baƙo ya fi asara ba tare da kowa ya cuce shi ba.

Bahaushen Nijar ba ya ƙirga kuɗi da lambar da ke rubuce jikin takarda. Da dala yake ƙirgawa, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Kalmar ta samo asali ne daga tsohuwar azurfar nan ta Turai da fatake suka yi ciniki da ita a ƙasar Hausa kafin zuwan Turawan mulki, daga baya sunan ya koma kan ƙwandalar faran biyar ta Faransawa. Saboda haka dala biyar ita ce 25, dala goma 50, dala ashirin 100, dala hamsin 250, dala ɗari kuma 500. In an kai dala ɗari biyu, wato 1,000, sai a ce jika guda. Mu kuma a Nijeriya in tsoho ya ce jaka, naira 200 yake nufi, domin asalinta fam ɗari ce, kuma da aka sauya kuɗi a 1973 fam ɗaya ya zama naira biyu. Kalma ɗaya, iyaka ta raba ta gida biyu.

Matsalar ita ce a bakin ciniki sau da yawa ba a faɗin kalmar dala ɗin, lambar kawai ake jefowa. Ranar da na sauka, na tsayar da ɗan kabu-kabu, wato ɗan acaɓa a wajenmu, na gaya masa unguwar da zan je da jakata. Ya ce, “Ɗari.” Na ce a raina lallai garin nan da araha, na haye ko tayi ban yi ba. Da muka isa na miƙa masa ƙwandalar 100, sai ya dube ta ya dube ni, ya ce, “Malam, wannan ai dala ashirin ce.” Bai yi mini ƙarya ba, ɗari ya ce kuma ɗari yake nufi. Ni ne na ji da kunnen Jimeta. Na cika masa 500 ina jin kunya, alhali da na fahimta tun farko da na nemi ragi.

Wani abin da ke ƙara rikita baƙo shi ne waɗanda suka yi boko sukan faɗi farashi da Faransanci, su kuma lambar jikin takarda suke faɗi. Ke nan a kasuwa ɗaya lissafi biyu ke tafiya. Dabarar da na koma yi mai sauƙi ce: duk lambar da aka faɗa mini da Hausa sai in ninka ta sau biyar a zuci, sannan in maimaita wa mai kaya, “Dala arba'in, wato ƙwandala biyu ta ɗari-ɗari ko?” Wasu su yi dariya, amma matambayi ba ya ɓata. Na kuma rubuta jadawalin a bangon littafin bincikena, kuma daga baya shi ya zama babi guda a cikin aikin da na miƙa wa malamina. Asarar sefa 400 ta haifar mini da shafi shida.

Rabon kuɗin

Daga Namtari zuwa Maraɗi kwana biyu ne a mota: Jimeta, Numan, Gombe, Kano, sannan Katsina, Jibiya, a ƙetare zuwa Ɗan Isa. Kusan duk wannan hanya da naira ake biya, don haka kuskure ne mutum ya canza kuɗinsa gaba ɗaya. Na ware kuɗin motar zuwa da na kwanan hanya da naira. Na ware na komowa daidai da su, na ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai saboda kuɗin mota ba ya jiran kowa, na ɗinke su cikin aljihun ciki na ɗauka babu su. Wannan shi ne abu guda da na yi daidai tun daga gida, kuma ba hikimata ba ce, innata ce ta matsa.

Sauran su ne na zama, su na mayar sefa. Na tambayi farashi a Wapa da ke Fagge a Kano, na sake tambaya a bakin iyaka wajen mutum uku kafin in miƙa ko sisi. Bambancin da ke tsakanin ɗan canji da ɗan canji ƙanƙane ne a kan jika guda, amma a kan jika hamsin ya isa kuɗin abincin yini. A ƙirga a gabansa, a duba takardun, domin wadda ta yage ko ta tsufa ƙwarai tana wuyar shiga a kasuwa. A kuma roƙi ƙananan takardu na 500 da 1,000 da 2,000. Wanda ya riƙe 'yar jika goma ya je sayen ƙosai, ko dai ya tsaya jiran canji har rana ta take, ko ya sayi abin da bai yi niyya ba don a sami cikawa. Akwai masu karɓar naira a Maraɗi, amma da farashin da suka ga dama.

Na raba kuɗin zaman bisa kwanaki goma sha biyu, kowace safiya in ɗauki na ranar kaɗai in bar saura a masauki. Da dare in rubuta abin da ya fita. A kwana na huɗu littafin ya nuna mini ɓarawona: ba abinci ba ne, waya ce da kabu-kabu. Layin Nijeriya a can yana shan kuɗi kamar rairayi, sai na sayi layin ƙasar. Na kuma tsara hirarrakina unguwa-unguwa, maimakon in ratsa gari sau huɗu a yini.

Akwai kuma kuɗin da ɗalibai ba sa sawa a kasafi, alhali dole ne: goron dattawan da za a yi hira da su. Ba sayen magana ba ne, ladabi ne, kuma wanda ya je hannu rabbana zai dawo da kaset fanko. Haka nan tsarabar mai masauki. Ni a gidan wani ɗan uwan abokin karatuna na sauka, wanda ya rage mini kuɗin ɗaki baki ɗaya, amma ban yarda na zauna ina ci kawai ba. Na kai musu zuma da man shanu daga gida, kuma nakan sayo cefane jefi-jefi.

Batun takardu kuwa, a kammala su tun a gida: fasfo ko takardar tafiya, katin rigakafin shawara, da wasiƙar sashe mai bayyana abin da ya kai mutum. Wanda takardunsa ba su cika ba, kowane shinge sai aljihunsa ya yi magana. A kuma nemi labarin iyaka kafin a tashi, domin an rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024, sannan Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS a Janairun 2025. Abin da wani ya gani bara ba lallai ne shi za ka tarar bana ba.

Na dawo Namtari da jika biyu da 'yan ƙwandaloli, waɗanda da gangan ban canza ba don in nuna wa 'yan ajinmu. Takardun Garwa kuwa na mayar wa kawu yadda ya ba ni. Ya juya su, ya yi dariya, ya ce shekara ashirin yana riƙe sefa bai taɓa sanin tana da kishiya ba, sannan ya mayar da su aljihu ya ce mako mai zuwa za su yi masa kuɗin mota.