Yadda ma'aikaci zai saka manhaja a kwamfutar ofis ba tare da kalmar sirrin admin ba

A ƙaramin ofis ko shagon buga takardu a Tozai, cikin ƙaramar hukumar Illela, matsalar takan fara ne da abu kaɗan. Ma'aikaci yana son saka Zoom don wani taro, kwamfuta ta nemi kalmar sirrin admin, mai gyara kuwa yana can Sakkwato. Sai mai ofis ya gaji da kira, ya rubuta kalmar a takarda ya manna a jikin tebur. Daga ranar duk wanda ya zauna a kujerar ya zama mai gida.

Akwatin nan da ke fitowa yana neman izini sunansa UAC, kuma Microsoft ta kawo shi ne tare da Windows Vista a 2007. Aikinsa ya yi kama da abin da masu Android suka sani: tun daga Android 8 a 2017, waya ba ta barin a saka fayil ɗin APK daga WhatsApp ko burauza sai an ba wannan manhajar izini. Duk manhajar da aka buɗe da ikon admin tana iya taɓa fayilolin Windows, ta kashe rigakafin ƙwayar cuta, ta shiga asusun kowa. Manhajar sata da aka kwaso a filashi ita ma wannan ikon take samu.

Matakin farko shi ne raba asusu. Mai ofis ya riƙe asusun Administrator, kowane ma'aikaci a buɗe masa asusun Standard daga Settings, sashen Accounts.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, mai asusun Standard yana iya saka manhajoji masu yawa da kansa. Chrome da Zoom da Visual Studio Code suna da nau'in da ke zama a cikin AppData, wato babban fayil na mai asusun shi kaɗai, ba sa taɓa Program Files. Yawancin abin da ke Microsoft Store ma ana iya saka shi ba tare da ikon admin ba. Wanda bai tsoron rubuta umarni yana da winget: idan ya ƙara --scope user a ƙarshen umarnin, za ta nemo nau'in mutum ɗaya, in dai manhajar tana da shi.

Sauran kuma, irin su direban firinta ko manhajar da kowa zai yi amfani da ita, dole sai admin. A nan mai ofis ya zo ya buga kalmar da hannunsa idan UAC ya fito, bayan ya duba daga ina aka sauko da fayil ɗin. Minti biyu ne.

Akwai wata dabara da ke yawo tsakanin masu gyara, ta amfani da runas /savecred don yin gajeriyar hanya da ke buɗe manhaja ɗaya da ikon admin. A guje ta. Windows tana adana kalmar ne a asusun ma'aikacin, kuma da zarar ta adana, zai iya buɗe kowace manhaja da wannan ikon, ba wadda aka yi niyya kaɗai ba. Ƙofa ce aka kulle aka bar makulli a jiki.

Manyan kamfanoni suna amfani da Microsoft Intune, inda ma'aikaci ke zaɓar manhaja daga jerin da aka amince da shi a Company Portal, ta sauka ba tare da tambayar kalma ba. A 2023 an ƙara Endpoint Privilege Management, mai ba da ikon admin ga fayil ɗaya tak. Sai dai ana biyan kuɗi kan kowane ma'aikaci, kuma yana son intanet mai ƙarfi. Ga ofis mai kwamfuta uku da ke dogara da datar waya, wannan ya yi nauyi.

Asusun Standard yana da iyaka. Manhajar garkuwa da fayiloli tana iya kulle takardun ma'aikacin ko babu ikon admin, domin nasa ne. Don haka kwafin takardun kwastomomi ya zauna a wani faifai daban, wanda ake cirewa daga kwamfutar kafin a tashi aiki.